Kafin Ka Ce Batir Ya Mutu

Ƙannena masu koyon aikin wutar mota, da ku da kuka fara kama aikin sola, yau maganata a kan wata mota ce da ba a cika ganinta a titunanmu ba, amma abin da ke cikinta aikin hannunku ne. A Jamus da Faransa da Ingila da Amurka da Ostareliya, mutane da yawa kan sayi motar ɗaukar kaya irin su Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter ko Ford Transit, a mayar da bayanta ɗaki. A sa gado, a sa murhun gas da firij da famfon ruwa da fitilu da wurin cajin waya. Iyali su shiga su tafi hutu, inda dare ya yi musu nan za su kwana. Abin ya daɗe a can, domin tun 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara ƙera kayan ɗaki yana sakawa a cikin bas ɗin Volkswagen. Duk wanda a cikinku Allah ya kai shi gareji a waɗannan ƙasashe, zai ga irin wannan motar kwana a layi tana jiran gyara. Wanda kuma bai je ba, tsarin wutarta ne zai tarar a motar ɗaukar marasa lafiya, kuma batirin da ke cikinta ɗan'uwan wanda kuke jona wa inbata ne a gidajen mutane.

Motar kwana batir biyu take da su, wani lokaci uku. Na farko yana wurin da aka saba, aikinsa tada inji. Na biyu shi ne na ɗaki, ana ɓoye shi a ƙarƙashin kujerar gaba, ko cikin akwati a baya, ko ƙasan gado. An raba su ne don mutum ya kwana da fitila da firij a kunne, gari ya waye ya murɗa makulli mota ta tashi, ko da na ɗakin ya ƙare ƙaf. Ƙirarsu ma ba ɗaya ba ce. Na tada inji farantan dalmarsa sirara ne masu yawa, yana ba da amfiya ɗaruruwa cikin daƙiƙa biyu ko uku, sai altaneta ta mayar masa nan take. Na ɗaki farantansa masu kauri ne, an yi shi ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan tsawon dare, a sauke shi a cika shi, a sake saukewa. Idan ka ɗauki batirin tada mota ka sa shi aikin ɗaki, zai yi maka watanni yana aiki, daga nan farantan su zube. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗinsu ta nan saboda arha.

To, mai mota zai shigo ya ce maka, "Batirina ya mutu, fitila ba ta kai tsakar dare, canza min." Kuɗi na hannunsa, kai kuma kana da ɗan abin da za ka samu a kan sabo. A nan nake so ku tsaya. Sau da yawa batirin ɗaki kashe shi ake yi, kuma abin da ya kashe shi yana nan a cikin motar yana jiran sabon da za ka saka. Ka canza, mutumin ya tafi da murna, bayan wata huɗu ya dawo da fushi, ya ce ka sayar masa da jabu. Randar da aka tarar babu ruwa da safe, ko dai ba a zuba mata ba tun jiya, ko wani ya kwashe da dare, ko kuwa ita ce ta tsage. Sai ka kore biyun farko kafin ka ɗora wa randar laifi. Mita ce za ta raba gardama, kuma kuɗin ƙaramar mita bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir ba. Yaron gareji da ke gwada batir ta hanyar goga waya a kansa ya ga tartsatsi, bai san komai a kan batirin ba bayan ya gama, ya dai sa idonsa cikin haɗari.

Fara da ido da hanci. Buɗe wurin da batirin yake ka duba. In gefensa ya kumbura, ko ya tsage, ko kana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ya yi zafi alhali ba a aiki da shi, an gama magana, wannan ba ya gyaruwa, kuma kada ka jona masa caja. Duba kawunansa: farin gari ko kore da ya taru a kai yana hana wuta wucewa. Kama wayar ka girgiza, in ta motsa, watakila matsalar ke nan gaba ɗaya. Idan batirin mai murafu ne, buɗe ka ga ko ruwa ya rufe farantan. In ya ja baya, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ban da ruwan famfo ko na rijiya, ban da ƙarin asid, domin ruwan ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan.

Daga nan sai awo, kuma a nan ne aikin yake. Batirin dalma mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi, kowanne yana riƙe da kimanin bolt 2.1. Shi ya sa cikakken batir da ya huta yake nuna 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. In ya nuna 12.0, saura kusan rubu'i. Ƙasa da haka babu abin kirki a ciki. Ku lura da ƙanƙantar tazarar: tsakanin cike da wofi bai kai bolt ɗaya ba, don haka wanda ya ga 12 a mita ya ce lafiya lau, bai karanta mitar ba. Sai dai awon ba ya faɗin gaskiya sai batirin ya huta. Wanda aka cire daga caja yanzu zai iya nuna 13 da wani abu ko da ya lalace, saboda wutar da ta kwanta a saman farantai. Kashe komai, cire caja, raba shi da sola, bar shi awoyi, in da hali ya kwana, sannan ka auna. Idan kuma ka yi masa cikakken caji, ya huta, ya sauko wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakuna shidan nan ya haɗe a ciki. Wannan kam ya mutu da gaske.

Yanzu tambaya ta farko: ana cika shi kuwa? Motar kwana hanyoyi uku take bi wajen cika batirin ɗaki. Akwai altaneta idan ana tafiya, akwai farantin sola a kan rufi, akwai kuma caja da ake jonawa da wutar gari a sansanin kwana, bolt 230 a Turai, 120 a Amurka. Kowace sai ka gwada ta ita kaɗai. Ɗora mita a kan batirin ɗaki, a tada inji. Cikin ɗan lokaci ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. In ba ta motsa ba, koma kan batirin tada mota. Idan can akwai 14 amma nan babu, altaneta ba ta da laifi, wutar ce ta ɓace a hanya. Bi wayar da mitarka taki-taki. Tsakanin batiran biyu akwai rile, wanda ke haɗa su idan inji na aiki ya raba su idan an kashe. Kasa kunne ka ji ko yana yin ƙas. Auna shigarsa, auna fitarsa. Akwai kuma fis a kowane ƙarshen wayar, kuma fis ɗin da kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba ya sha sa a zubar da batir mai rai. Kada ka yarda da ido a kan fis, yana iya tsinkewa ta inda ba a gani.

Wani lokaci wutar tana isowa amma a gajiye. Can 14.2, nan 13.2. Bolt ɗaya cur ya zube a hanya, kuma da 13.2 batirin dalma ba zai taɓa cika ba ko da an tuƙa motar daga Hambug zuwa Madrid. Abin da ke jawo haka waya ce siririya a doguwar tafiya, ko haɗin da ya yi tsatsa. Wurin da aka fi mantawa shi ne inda baƙar waya ta kama jikin mota. A kwance kusoshin, a goge ƙarfen da samfefa har ya yi ƙyalli, a ɗaure tam. Duk bambancin da ya haura rabin bolt tsakanin batiran biyu, akwai abin nema.

Akwai kuma sabon abu da ya rikita har tsofaffin hannu. Motocin Turai na daga wajen 2015 zuwa yau, waɗanda aka ƙera bisa dokar hayaƙi ta Euro 6, yawancinsu kwamfuta ce ke juya altanetarsu don rage shan mai. In ta ga batirin tada mota ya samu abin da zai ishe shi, sai ta sauke wutar zuwa 12 da ɗan wani abu ana cikin tafiya, in direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki ta cilla ta zuwa wajen 15. Tsohon rile mai jiran ya ga 13 da wani abu kafin ya haɗa, sai ya yi ta haɗawa yana rabawa, batirin ɗaki ya zauna kullum a rabi. Wanda bai san wannan ba zai canza altaneta mai lafiya, ya canza rile mai lafiya, ya canza batir, matsala na nan. Maganinta caja ce ta musamman da ake rubuta DC-DC a jikinta, wadda ke karɓar duk abin da altaneta ta bayar ta daidaita shi yadda batirin ɗaki ke so. Kamfanoni irin su Victron na Holan da Redarc na Ostareliya suna yin ta. Kafin ka taɓa komai, tambayi shekarar motar.

Tambaya ta biyu: wa ke kwashewa? Kashe duk abin da ke ɗakin, cire baƙar waya daga kan batir, juya mita zuwa awon amfiya, ka sa ta tsakanin kan batirin da wayar. Abin da ya kamata ka gani ɗan ƙanƙani ne. In ka ga rabin amfiya, kada ka raina shi, yi lissafi. Rabin amfiya sau awa 24 ya ba da 12 a yini. Batirin da aka rubuta 100Ah a jikinsa, in na dalma ne, rabinsa kawai ake so a taɓa, wato 50. Ke nan cikin kwana huɗu motar na ajiye a ƙofar gida, ba wanda ya kunna ko fitila, an cinye rabon. Zare fis ɗaya bayan ɗaya kana kallon mita, wanda ka zare lambar ta faɗi, layinsa ne ɓarawon. Yawanci inbata ce da aka bari a kunne ba ta ɗauke da komai, ko rediyo, ko fitilar cikin kabad. Ka dai kula, mafi yawan mitoci amfiya 10 ne iyakarsu, in aka kunna babban abu tana kan layi fis ɗinta zai tafi.

Wani lokaci kuma babu ɓarawo, mai motar ne ke neman abin da ya fi ƙarfin batirinsa. Zauna da shi ku yi lissafi cikin mutunci. Firij mai kwamfureso kan ci tsakanin 30Ah da 50Ah a yini, gwargwadon zafin gari. Inbata mai ɗauke da wat 1000 tana jan kusan amfiya 100 daga batir mai bolt 12. Wanda ya jona butar dafa shayi da na'urar busar da gashi a kan batir guda ɗaya, ba batirin ne ya gaza ba. Faɗa masa gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba, domin in ka yi shiru sabon ma haka zai yi masa.

Sai bayan waɗannan ne za ka tuhumi batirin kansa, kuma gwajin mai sauƙi ne, haƙuri kawai yake so. Cika shi da caja mai kyau, bar shi ya huta, jona masa ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55, wanda ke jan kimanin amfiya 4.5. Batirin 100Ah mai lafiya zai riƙe shi awa goma, ka cire ƙwan, ya huta, ka same shi wajen 12.2 ko sama. Wanda ya gaji, cikin awa biyu ko uku zai zube ƙasa da 11.5. Abin da ya faru a cikinsa shi ne, duk lokacin da batirin dalma ke ba da wuta, wani farin gishiri yana kwanciya a kan farantansa, caji kuma yana narkar da shi. In aka bar batirin a sauke makonni, gishirin sai ya daskare ya ƙi narkewa, wurin ajiyar wuta ya ragu har abada. Batiran motocin kwana a Turai sukan mutu ta wannan hanya, domin ana ajiye motocin duk tsawon hunturu ba a waiwaye su. A wurinmu zafi ne babban maƙiyi. Masu ƙera batir suna lissafin rayuwarsa a kan zafi 25 a ma'aunin salshiyos, kuma duk ƙarin 10 a kai yana yanke kusan rabinta. Ku tuna da wannan duk sanda za ku zaɓa wa batirin sola wurin zama a gidan mutum.

In ta tabbata sai an canza, auna ramin da tsohon yake, duba ɓangaren da kawunansa suke, kada ka sayo wanda waya ba za ta kai ba. Sannan duba irinsa. Batirin dalma tsohuwar fasaha ce, Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859, amma yau iri uku ne a kasuwa: mai ruwa, da AGM, da jel. Mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan ana caji, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. A ɗakin da mutane ke barci, dole a sa masa ƙaramin tiyo mai fitar da iskar waje, ko a zaɓi rufaffe. Kowane iri da wutar cajin da yake so, jel ya fi son ta ƙasa-ƙasa, saboda haka in ka sauya iri sai ka sauya saitin caja da na kwanturolan sola. Idan batiran ɗakin biyu ne a haɗe, canza su tare, iri ɗaya, girma ɗaya, shekara ɗaya. Tsoho yana janyo sabo ƙasa. Ka kuma ɗauki jar waya daga ɗaya, baƙa daga ɗayan, don su raba nauyi daidai.

Zan ɗan daɗe a kan litiyam, domin shi kowa ke nema yanzu, a can da nan. Irin da ake sa wa motar kwana shi ne mai rubutun LiFePO4, wanda ya fito daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas wajen 1996, mutumin da ya samu kyautar Nobel a 2019. Batir ne mai kyau ƙwarai. Nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya cin kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa, yana kuma jure saukewa da cikawa sau dubbai. Amma duk wanda ya ce maka cire wancan ka sa wannan kawai, bai yi maka adalci ba. Litiyam yana zuƙar duk wutar da ya samu, in ka haɗa shi da altaneta ta tsohon rile, zai iya gasa ta, musamman idan inji na aiki a tsaye babu iska. Yana bukatar cajar DC-DC da saitin da ya dace da shi. Ba a yi masa caji idan sanyi ya kai sifili, wanda a hunturun Turai magana ce babba. Lambobin da na ba ku a baya ma ba nasa ba ne: shi yana zama wajen 13.2 kusan duk tsawon aikinsa, sai dab da ƙarewa ya faɗi lokaci guda, don haka awon bolt kaɗai ba zai gaya maka saura nawa ba. A cikinsa akwai ɗan allon tsaro da ake kira BMS, wanda ke yanke wuta in an sauke shi da yawa. Za ka ɗora mita ka ga kusan sifili, ka ɗauka ya mutu, alhali rufe kansa ya yi, cajar da ta dace za ta tashe shi. Kada ku yar da batirin mutum mai tsada a kan wannan.

Ranar canjin, bi tsari kada ka yi gaggawa. Kashe inji ka zare makulli, musamman in sai an ɗaga kujera, domin a ƙarƙashinta akwai wayoyin jakar iska. Cire wutar gari. Raba farantin sola da kwanturola kafin ka taɓa batir, in za ka mayar kuma batir ne farko, faranti daga baya, domin wasu kwanturololin suna lalacewa in faranti na ba su wuta babu batir. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka, sau da yawa biyar ko shida ne a kai ɗaya. Cire zobe da agogon ƙarfe. Batirin nan bolt ɗinsa ba ya jan mutum, amma in sufana ta haɗa kawunansa biyu, amfiya ɗaruruwa ne za su bi ta, ta yi ja, zobe kuma ya ƙona yatsa har ƙashi. Baƙar waya ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa, saboda in tana jone sufanarka ta taɓa jikin mota kana kwance ja, ka haɗa wuta. Naɗe bakin jar wayar da ka cire, domin tana iya ɗauke da wuta daga ɗaya batirin. Ɗaure sabon a mazauninsa da ƙarfe ko ɗamara, abu mai kilo 25 zuwa 30 in ya ɓalle a hatsari yana iya kashe na cikin motar. Tabbatar akwai fis a kan jar waya dab da batir, tazarar da ba ta wuce taki ɗaya na hannu ba. In asid ya fallatsa a ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, a wuce asibiti. Bayan ka gama, sake duk awon da ka yi da farko a gaban mai motar, ya ga 14 ɗin da idonsa, ka rubuta ranar a jikin batirin.

Saura tsohon da ka cire. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na batiran dalma ana mayar da su masana'anta a narke su a sake ƙerawa, a Turai ma mai sayarwa yana karɓar tsoho. A wurinmu 'yan gwangwan ne ke saye, wasu kuma su fasa shi a lungu, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a kan murhu. A Thiaroye-sur-Mer, gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin batira a cikin unguwa. Mu ma mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ta fito daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Dalmar da ke cikin batirin da ke hannunka ita ce wannan, kuma yaron da ta shiga jininsa, ko bai mutu ba, tana taɓa masa ƙwaƙwalwa har girmansa. Don Allah, ƙannena, kada ku fasa batir, kada ku kai shi gida inda ƙananan yara ke rarrafe. Ku ajiye shi a tsaye da ruwansa a ciki, ku miƙa shi ga dilan da ke kaiwa masana'anta, ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci abinci, ku kuma bar kayan aikinku a gareji.